Hagun Indo

A shekarar da ruwan madatsar Tiga ya iso gonakin ƙauyensu, can tsakanin Kura da Bunkure, tumatir ya yi wa mutane yawa har ya gundure su. Maza suka yi ta kwaso shi kwando-kwando, motocin Kano suka ɗebi abin da za su ɗeba, saura aka jibge wa mata a tsakar gida. Sai yanka, sai shanya. Duk rufin soron da ka duba ja wur yake. A gidan su Barira kuwa, cikin masu yankan nan kaf babu mai saurin 'yarta Indo, yarinyar da ba ta wuce shekara bakwai ba, wadda hannu ɗaya da rabi Allah ya ba ta.

Na dama ne rabin. Barira ta sha doguwar naƙuda a haihuwarta, yarinyar ta faɗo ba kuka, sai da ungozoma ta yi ta yayyafa mata ruwa sannan ta motsa. Ba wanda ya lura da komai sai da ta fara miƙa hannu tana karɓar abu, aka ga kullum hagu take miƙowa. Na daman yana dunƙule, babban yatsa a ciki, gwiwar hannun a lanƙwashe a ƙirji kamar mai ɓoye ɗan tsako. Ƙafar wannan ɓarin ma a kan yatsu take taka ta. Wasu suka ce shan inna ne, wasu suka ce iska ce ta shafe ta. An yi turare, an sha rubutu, an yi sadakar waina, hannu yana nan yadda yake.

Amma zo ka ga Indo a bakin aiki. Sai ta dafe tumatir da dunƙulen nan a kan katako, hagu ya zo da wuƙa ya raba shi biyu, dunƙulen ya ture shi gefe, kafin ka ƙifta ido wani ya hau. Hannuwan sun san juna, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yi. Haka take ɗaura zane, ta maƙale gefe ɗaya da gwiwar hannu ta zagayo da ɗayan. Haka take rungumar ƙwarya, haka take ɓare gyaɗa. Ba wanda ya koya mata, ita da hannuwanta suka shirya abinsu.

Da hagun take cin abinci, mana. Da me za ta ci? Gidan babba ne, Sammani mijin Barira da yayyensa biyu da iyalansu, da tsohuwarsu da kowa ke kira Iya. 'Yan mata ƙanana na gidan akushi ɗaya ake zuba musu a gindin darbejiya, Indo a cikinsu tun da aka yaye ta. Ido ya saba, ba mai cewa komai. Sai ranar da ƙanwar Iya, Gwaggo Mairama, ta zo daga Bunkure. Irin matan nan ne da ba su shiga gida su fita ba su bar wa mutane abin da zai hana su barci ba. Ta zauna a tabarma tana kallon yaran suna cin tuwo, can ta karkata kai.

"Yaya, wannan jikar taki da hagu take ci?"

"Na daman ne ba shi da lafiya," in ji Iya.

"Allah sarki. To da wanne take tsarki?"

Barira tana bakin murhu, muciya a hannu, ta ji maganar har cikin ƙashinta. Binta, 'yar wan Sammani, wadda ta fi yaran wayo, ta dubi hannun Indo a cikin miya, ta janye nata a hankali ta goge a zane. Sauran suka bi ta. Indo kaɗai ta ci gaba da ci, don ba ta gane da ita ake ba.

Washegari Iya ta ɗauko wata 'yar tasa ta miƙa wa Barira. Ba da faɗa ba, Iya ba mafaɗaciya ba ce, abin da ya sa maganarta ta fi ciwo ke nan.

"A riƙa zuba mata nata daban. Ba ƙinta nake ba, jikata ce. Amma gaskiya Mairama ta faɗa, hannu ɗaya ba ya zuwa bayan gida ya dawo akushin jama'a."

"Iya, tana wankewa da toka."

"Na sani, 'yar nan. A zuba mata daban."

In za a faɗi gaskiya, Indo ba ta damu ba. Ta sami tasarta ita kaɗai, ba mai rige ta tsoka, ba mai ture mata gwiwa. Takan zauna a bakin ƙofar ɗakinsu ta cinye tas, ta suɗe hannu, har kumatu ta yi. Barira ce abin ya ci. Duk lokacin da aka ajiye akushi a gindin darbejiya ta ga an zagaye shi babu 'yarta, sai ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Yau akushi ne. Gobe ba mai sayen ƙosai daga hannunta in an ɗora mata talla, jibi ba gidan da zai yarda ta tuƙa masa tuwo. Wadda ba a ci da ita, a ganin Barira, an riga an cire ta daga cikin mutane, saura kawai a faɗa mata. Ta rantse a ranta sai Indo ta koma akushin nan, kuma da hannun dama.

Ta matsa wa Sammani har ya ɗauki yarinyar a keke ya kai ta ɗakin shan magani a Kura. Ya dawo da yamma ya jingine keken, ya faɗa mata abin da malamin asibiti ya ce. Wai ciwon ba a hannun yake ba, a kai ya faru tun ranar haihuwa, ba zai ƙaru ba, ba kuma zai tafi ba. Wai a riƙa miƙe mata yatsun, a sa ta tana motsa shi, amma a bar hannuwan biyu su yi aiki tare yadda suka saba.

"Ya ce a sa ta tana motsa shi?" in ji Barira.

"Ya ce tare."

Barira ta ɗauki rabin da ya yi mata, ta bar masa sauran.

Da safe ta yaga wani tsohon ɗankwali, ta kira Indo. Ta naɗe hagun tun daga yatsu har wuyan hannu, ta ɗaure shi a ƙugun yarinyar ta baya. Indo ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Da aka ajiye mata koko da ludayi dariyar ta ɗauke.

"Inna, kwance mini in sha."

"Da dama za ki sha."

"Ai ba ya buɗewa."

"Zai buɗe. Hagu ƙazanta ne, Indo. Hannun bayan gida ne. Mutumin kirki ba ya kai shi baki."

Wannan maganar ta faɗe ta ranar, ta faɗe ta washegari, ta yi ta faɗa har ta zama kamar bisimillar cin abincinsu. Ba don mugunta ba. Ta lura ne in ta lallashi yarinyar sai ta yi ta kuka, in kuwa ta ce ƙazanta sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai ta gwada. Duk abin da ya yi aiki, shi uwa take riƙewa.

Wahala kam an sha ta. Kullum da hantsi Barira takan jiƙa dunƙulen a ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta zaro babban daga ciki. Tana saki su koma. In Indo ta yi niyyar ɗaukar loma, duk jikinta ne ke tashi, kafaɗa ta ɗage, harshe ya leƙo, ƙafar daman ta miƙe. Hannun ya tafi akushi ya wuce shi, ya dawo ya doki gefe. In an yi sa'a ya dangwalo tuwo, to a hanya zai zube, ko ya ƙare a kumatu, ko a kunne. Abin da Barira ba ta son gani shi ne bayan yarinyar. A can cikin ɗankwali hagun yana ta motsi, yatsun suna gutsura, suna murzawa, suna yin duk abin da ake roƙon ɗan'uwansu ya yi. Sai ta daina zama ta bayanta.

Yankan tumatir ya tsaya, don ba a dafe da yanka da hannu guda. Ɗaurin zane ya koma wuyan uwa. Tafiya ma ta lalace, ashe da hagun take daidaita jikinta, yanzu ko ɗan tudu ta taka sai ta kife, ba abin tarewa. Goshinta bai rabu da ƙulu ba, leɓenta ya fashe ya warke ya sake fashewa. Kumatun nan suka zube. Ba a kwance ta sai za ta bayan gida da lokacin barci, wato dai hagun bai sake fitowa ba sai don aikin da aka ce shi ne nasa.

Sammani mutum ne mai sanyi, irin waɗanda ke ganin abu su ce Allah ya kyauta. Shi ma rannan ya kasa. Ya dawo daga ban ruwa, ƙafafunsa duk taɓo, ya tarar da Indo ta kifa fuska a tasa tana kamun tuwo da baki.

"Barira, ki kwance yarinyar nan."

"In na kwance ta kai za ka ci da ita?"

"Ni ban taɓa ƙyamarta ba."

"Ban ga ka kira ta akushinka ba, Malam."

Gaskiya ne, bai kira ta ɗin ba. Can ya ce, "Ko bututun da muke jawo ruwa da shi daga kanal, babbar hanyar ruwan nan, da hannu biyu ake tayar da shi. Ɗaya ya toshe baki, ɗaya ya ja. In ka ce da ɗaya za ka yi, sai ka wuni ruwa bai hau ba."

"To 'yata ba bututu ba ce."

Ɗaya daga cikin yayyensa da ke wucewa ya tsoma baki yana dariya, wai a bar Barira ta yi aikinta, ai ko motoci gwamnati ta mayar da su bin hannun dama a titi. Aka yi dariya. Sammani ya ɗauki buta ya fice, maganarsa ta ƙare a nan.

Abin haushi, dabarar ta ci. Ba yadda Barira ta so ba, yatsun ba su taɓa buɗewa sosai ba. Indo ce ta samo hanyarta, kamar yadda ta saba. Ta gano in ta dafa gwiwar hannun a cinya ya daina yawo. Sai ta danna dunƙulen a tuwo, ta maƙalo kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, maimakon ta ɗaga hannu zuwa baki sai ta sauko da kai ya tarye shi. Tuwo yana da kirki, yana manne wa yatsa. Ranar da loma ta fara shiga bakinta ba ta zube ba, Barira ta shige ɗaki ta toshe baki da zane ta yi kuka mai isarta. Kafin alkama ta nuna a gonaki, Indo tana iya cinye rabin tasa da dama, in an ba ta lokaci. Lokaci mai yawa, har tuwon ya huce ya yi ɓawo.

Ranar da aka fara girbin alkamar gidan, an tara ma'aikata, mata suna ta girki tun safe, gida ya cika. Barira ta ga ranar da ta dace ke nan, a yi a gaban kowa. Ta je ta durƙusa gaban Iya.

"Iya, alfarma nake roƙo. Indo ta koyi ci da dama. A bar ta ta koma cikin 'yan'uwanta."

Iya ta dube ta, ta dubi yarinyar da ke raɓe a jikin bango.

"In da dama ne, wa zai hana ta? Ta zo in gani."

Sai da aka ajiye akushin, sannan Barira ta gane kuskurenta. Tuwon duk an kwashe an kai wa maza gona. Abin da aka zubo wa yara dambu ne, dambun tsaki da zogale, mai warwatsewa, wanda ko mai yatsu biyar lafiyayyu sai ya dunƙula shi a tafin hannu kafin ya kai baki. Wata da watanni tana koya wa yarinya tuwo, ko sau ɗaya dambu bai zo mata a rai ba. Ta so ta ce a bari sai gobe, amma mata sun riga sun taso daga bakin murhu sun tsaya kallo.

Ta kwance ɗankwalin. Hagun ya fito a yamushe, ya yi fari-fari. Indo ta tafi da ɗingishinta ta zauna tsakanin Binta da wata ƙaramarsu, ta ɗaga cinya ta tura hagun ƙarƙashi ta danne shi. Ba wanda ya ce ta yi hakan. Ta yi bisimilla a fili.

Yara ba su jiran kowa a akushi, ba su taɓa yi ba. Hannuwa suka shiga suna fita. Indo ta dafa gwiwar hannu a cinya, ta tura dunƙulen, ta maƙalo dambu, kafin ta sauko da kai ya zube ta tsakanin yatsu. Ta sake. Ya zube a zanenta. Kafaɗar ta ɗage, harshen ya leƙo, gumi ya tsatso a goshinta. A karo na gaba ɗan abin da bai fi cin tsuntsu ba ya tsira, ta kai shi baki. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. Indo ta ƙara samun ɗaya kamarsa. Da ta sake miƙa hannu sai ta ji katakon akushi, dambu ya ƙare, ƙaramar cikinsu ta riga ta jawo akushin tana suɗe gefe.

"Madalla," in ji Iya, da gaske kuma take, har idonta ya kawo ruwa. "Yanzu ta zama mutum. Daga yau a nan za ta riƙa ci. Sannu Barira, kin yi ƙoƙari."

Mata suka yi ta yi mata barka. Barira tana amsawa, tana murmushi, idonta yana kan dambun da ya zube a cinyar 'yarta, wanda kaji suka fara zagayowa dominsa.

Haka aka ci gaba. Ta roƙa a gaban jama'a, an ba ta, ba bakin komawa ta ce a dawo da tasa. Safe da rana da yamma Indo tana zama a gindin darbejiya cikin 'yan'uwanta, ta danne hagu da cinya, ta sami loma biyu ko uku in tuwo ne, in shinkafa ce ko dambu ta tashi kusan yadda ta zauna. Ba ta ƙorafi. Takan wanke hannu tare da su, ta yi hamdala tare da su. Wuyanta ya ƙara tsawo, zanen da ke zagaye ta sau ɗaya ya koma sau ɗaya da rabi. Barira ta sami abin da ta nema cif, ga shi kullum a gabanta tana kallo, kuma ba ta taɓa sanin baƙin ciki irin wannan ba.

Rannan bayan azahar, gida ya yi shiru, zafi ya kora kowa inuwa. Barira ta ɗebi shinkafa da wake da ta ɓoye a ƙarƙashin faifai, ta zuba mai da yaji, ta ja Indo ɗaki ta saki labule.

"Zauna ki ci. Ki ci ki ƙoshi."

Indo ta zauna, ta ɗaga cinya za ta tura hagun.

"A'a. Bar shi a waje. Ci da shi, ba mai ganinki."

Yarinyar ta ɗago ta dube ta, kamar an ce ta taɓa wuta.

"Inna, ƙazanta ne."

"Ba ƙazanta ba ne. Na wanke miki shi da kaina ɗazu. Ci, uwata."

"Hannun bayan gida ne."

"Indo, ni na faɗa miki haka, ni kuma nake ce miki ki ci."

Ta kamo hannun. Lafiyayyen hannu, mai ɗumi, yatsu biyar masu jin magana. Ta ja shi zuwa kwanon. Indo ta ƙanƙame jiki, ta dunƙule yatsun tam, har suka yi daidai da na ɗayan. Da bayan hannun ya taɓa shinkafar sai ta ƙwalla ƙara, ta fizge, ta ja da baya har bango tana goge shi a ƙasa.

"Kin sa ya taɓa! Yanzu ya ɓata abincin!"

Barira ta zauna daɓas. Maganar da ta shuka safe da yamma wata da watanni ba za ta tuge ta da yammaci ɗaya ba, ta san haka tun kafin ta gwada. Cikin yarinyar ya yi ƙugi, su biyun suka ji.

Indo ta share hawaye da kafaɗa. Ta dubi kwanon, ta haɗiyi yawu. Sannan ta matso a kan gwiwoyinta, ta juya wa uwarta baya, ta kai hagun ƙugu inda ya saba zama.

"Inna, ɗaure mini shi tukuna," ta ce. "In ina jin yunwa sosai, shi da kansa yake tafiya."